Mota Ta Sauya, Fetur Bai Sauya Ba: Tarihin Kwalbar Oktan

A shagunan sayar da baƙin mai da kayan gyaran mota na birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa hanyar Kano, akwai wata 'yar kwalba da ta samu gurbi a kan kanta cikin 'yan shekarun nan. Ba ta kai rabin lita ba. A jikinta an yi alkawarin za ta ɗaga oktan ɗin fetur, ta hana inji ƙwanƙwasa, ta mayar wa mota da ƙarfinta. Masu sayenta ba direbobin haya ba ne. Masu Mercedes ne da BMW da Audi da Range Rover, da sauran motocin da aka ɗaura wa injinsu turbo, waɗanda suka ji tafiyar motar ba ta yi musu daidai ba, makaniki kuma ya ce man ƙasar nan ne bai kai ba.

Makanikin bai yi ƙarya ba. Sai dai kwalbar da ya miƙo amsa ce ga wata tambaya da ta haura shekara ɗari ana yin ta: idan inji ya fi ƙarfin man da ake ba shi, a ina za a gyara? A matatar mai, ko a injin, ko kuwa a bakin tanki da ɗan ɗigon sinadari? Duniya ta gwada duka ukun, kuma an san abin da kowanne ya haifar.

Sai an fara raba abu biyu da bakin gareji ya haɗe. Idan aka ce inji ya buga, ana nufin baƙin mai ya ƙare ko ya tsinke, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya tsaya cak. Abin da injiniyoyi ke kira ƙwanƙwasa daban ne. A cikin silinda, fistin yana matse iska da tururin fetur, fulogi ya kyasta, wuta ta bi cakuɗen daga gefe zuwa gefe cikin tsari, kamar yadda take bin busasshiyar ciyawa. Idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da wutar ba ta iso ba sai ya fashe da kansa. Wannan fashewar ce ake ji kamar an kaɗa tsakuwa a gwangwani idan tsohuwar mota tana hawan tudu da kaya. Kaɗan daga ciki ba ya yin ɓarna. Idan ya dawwama kuwa, yana cin kan fistin, ya karya ringi, daga nan sai a kai ga bugawar da kowa ya sani.

Oktan ma'aunin haƙurin fetur ne: iya matsin da zai jure kafin ya fashe ba da izini ba. Ba ma'aunin ƙarfi ba ne. Lita ɗaya ta fetur mai oktan 91 da lita ɗaya ta mai 98 kusan makamashi ɗaya suke ɗauke da shi. Bambancin kawai shi ne na biyun yana bari a matse shi sosai, inji mai matsi sosai kuma ya fi tatsar aiki daga kowane ɗigo.

A shekarar 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin hajji, ya biya ta Ingila, a zamanin da mota ke ƙwace titunan Turai daga hannun doki. A ƙarshen wannan shekara, ran 9 ga Disamba, a ɗakin binciken General Motors da ke Dayton a jihar Ohio ta Amurka, wani injiniya mai suna Thomas Midgley, wanda ke aiki ƙarƙashin Charles Kettering, ya ɗiga wani sinadarin dalma a cikin injin gwaji, ƙwanƙwasa ta ɗauke. Sun shekara da shekaru suna gwada sinadarai iri-iri kafin su kai ga wannan. Sun kuma san cewa etanol, wato barasar da ake tatsa daga hatsi ko rake, yana yin aikin. Amma etanol sai an zuba da yawa, kuma kowa na iya yin sa. Dalma kuwa ƙasa da ƙaramin cokali ta isa galan guda, ga ta da takardar mallaka. Aka fara sayar da fetur mai dalma a Dayton a watan Fabrairun 1923, aka raɗa masa suna Ethyl, sunan da aka zaɓa don kada kalmar dalma ta fito a talla.

Ba a jima ba gaskiya ta yi halinta. A watan Oktoban 1924, a masana'antar Bayway ta kamfanin Standard Oil a jihar New Jersey, ma'aikatan da ke haɗa sinadarin suka fara zaucewa. Biyar suka mutu, da dama suka kwanta asibiti. Midgley ya tara 'yan jarida, ya wanke hannunsa da sinadarin a gabansu don ya nuna ba shi da illa, alhali shi kansa ya yi jinyar gubar dalma shekara guda kafin nan. An dakatar da sayarwa a 1925, aka ci gaba a 1926. A wannan tsakanin ne Graham Edgar, masanin sinadarai na kamfanin Ethyl, ya tsara ma'aunin da muke amfani da shi har yau: ya ɗauki wani sinadari mai tsananin haƙuri, aiso-oktan, ya ba shi 100, ya ɗauki wani mai saurin fashewa, heftan, ya ba shi sifili. Fetur mai oktan 91 shi ne wanda haƙurinsa ya yi daidai da cakuɗen kashi 91 na farko da kashi 9 na biyu.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake daka duwatsun zinariya a tsakar gida. Wannan ƙarfen ne duniya ta shafe fiye da rabin ƙarni tana fesawa ta salansar motoci, a bakin kasuwanni da ƙofofin makarantu. Wanda ya tona girman abin, Clair Patterson, ba likita ba ne; masanin duwatsu ne da ke ƙoƙarin auna shekarun duniya, ya ga duk abin da ya ɗauko don gwaji dalma ta riga ta gurɓata shi. Ya buga sakamakonsa a 1965. Duk da haka, abin da ya fara karya kasuwar dalma a Amurka ba lafiyar yara ba ne. Daga 1975 aka fara saka wa sababbin motoci matatar hayaƙi a salansa, wadda makanikanmu ke kira indomi, dalma kuma tana kashe ta. Amurka ta kammala haramci a 1996, Tarayyar Turai a 2000. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001 cewa za su daina kafin ƙarshen 2005, kuma sun daina, har da Najeriya. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Tun kafin nan akwai hanya ta biyu, mai tsada amma mai tsafta: a gyara fetur ɗin a matata. Bafaranshe Eugene Houdry ya fito da dabarar fasa ɗanyen mai mai nauyi ya zama fetur mai oktan sosai, aka fara aiki da ita a 1937, ta kuma taimaka wajen samar da man jiragen yaƙi mai oktan 100 a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 aka ƙara wata dabarar da ke amfani da ƙarfen filatinam wajen sauya ƙirar ƙwayoyin man. Da irin waɗannan na'urori ne ƙasashen da suka bar dalma suka cike giɓin. Abin da ya kamata a riƙe shi ne oktan na gaskiya a matata ake ƙera shi, kuma kowace lamba ɗaya kuɗi ce.

Kaduna: mota da manta a gari ɗaya

Katsina garin mota ne tun da wuri, ba don ta zaɓa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, amma dogo bai taka birnin Katsina ba. Gyaɗa da auduga da fatu sai a bayan raƙumi da jaki, daga baya a bayan lori. Fetur da kalanzir a lokacin cikin gwangwanaye masu cin galan huɗu suke zuwa, waɗanda idan sun ƙare suke zama garwar masu sayar da ruwa. Babu wanda ke tambayar oktan, domin injunan zamanin ba su da matsin da zai sa a tambaya.

Akwai wani ɗan lokaci a tarihinmu da mota da mai suka dace da juna tamkar an auna. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, bayan ta Fatakwal a 1965 da ta Warri a 1978. Katsina kuwa tana cikin Jihar Kaduna har zuwa Satumban 1987. Ma'aikacin gwamnati a Katsina a 1982 yana tuƙa Fijo 504 da aka harhaɗa a babban birnin jiharsa, yana zuba mata man da aka tace a babban birnin jiharsa. Injin nata mai sauƙin kai ne: kafireto, matsi matsakaici, babu kwamfuta. Idan ya yi ƙwanƙwasa, makaniki ya ɗan juya lokacin kyastawar fulogi da hannu, magana ta ƙare. Ba zamanin zinariya ba ne, tunda man akwai dalma a cikinsa. Amma inji da mai suna jin yaren juna.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ne ya raba wannan aure. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, masana'antun harhaɗawa suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Beljiyam: tsofaffin motocin Turai da ake lodawa a tashoshin ruwa irin su Antwerp, a sauke a Kwatano, a koro su ta Gaya da Doso da Birnin Ƙwanni zuwa Maraɗi, su shigo ta Jibiya. Katsina ta zama ɗaya daga ƙofofin wannan ciniki, kuma haramcin shigo da motoci ta iyakokin ƙasa da ya fara aiki a Janairun 2017 ya rage shi ne kawai. Daga baya motocin Amurka, da yawansu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari, suka mamaye kasuwa. Tun daga lokacin, motar da Bakatsine ke hawa an ƙera ta ne don man wata ƙasa da yanayin wata ƙasa.

Shekaru da yawa wannan bai dami kowa ba, domin Toyota Corolla da Camry da Honda Accord na wancan zamani injunansu ba su da buri. Man da muke da shi ya ishe su. Abin da ya sauya lissafi shi ne turbo.

Dabarar tsohuwa ce. Alfred Büchi, injiniya ɗan Suwizalan, ya yi mata rajista a 1905: hayaƙin da ke fita daga inji ya juya wata farfela, ita kuma ta juya wata da ke cusa ƙarin iska cikin silinda. Ƙarin iska na nufin ƙarin mai, ƙarin mai na nufin ƙarin ƙarfi daga ƙaramin inji. Sai dai iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, matsi da zafi kuma su ne iyayen ƙwanƙwasa. Shi ya sa turbo ya daɗe a jiragen ruwa da na sama da manyan injunan dizal kafin ya shigo ƙananan motoci.

Wanda ya fara haɗa turbo da kwalba ba ɗan kasuwa ba ne, kamfanin mota ne da kansa. A 1962 General Motors ya fito da Oldsmobile Jetfire, ɗaya daga motocin fasinja biyu na farko masu turbo. Injinta yana da matsin da fetur ɗin zamanin ba zai jure ba, sai aka yi mata wani ƙaramin tanki na daban, ana zuba ruwa da metanol da kamfanin ke sayarwa, ana fesawa cikin inji don ya huce. Masu motar suka riƙa mantawa su cika shi. Idan ya ƙare, motar ta rage wa kanta ƙarfi, su kuma su koma wurin dila da ƙorafi. Ba a ƙera guda dubu goma ba aka daina, har kamfanin ya yi tayin cire wa masu so turbo ɗin ya mayar musu da kafireto. Darasin da masu ƙera motoci suka ɗauka shi ne ba a dogara ga direba ya tuna da kwalba. A farkon shekarun 1980 kamfanin Saab na Suwidin ya fito da na'urar da ke sauraren inji, da zarar ta ji ƙwanƙwasa sai ta sassauta matsin turbo. Wannan ita ce hanya ta uku, kuma jikokin wannan na'ura suna cikin duk motar zamani.

Abin da ya mayar da turbo ruwan dare dokokin hayaƙi ne da na tsimin mai a Turai da Amurka, musamman daga 2009. Kamfanoni suka rage girman injuna suka ɗaura musu turbo. Mercedes C300 ta koma silinda huɗu mai turbo a samfurin 2015, Honda Civic a 2016, Accord a 2018. Hatta Land Cruiser, motar manyan ƙasar nan, ta ajiye injin silinda takwas a 2021 ta ɗauki mai shida da turbo biyu. Waɗannan motoci ne yanzu suka kai shekarun da ake lodo su zuwa nan. Wato mai sayen Beljiyam ba lallai ya nemi turbo ba. Turbo ne ke zuwa ya same shi.

Lamba ɗaya, ma'auni biyu

Mota ta sauya, amma famfon gidan mai yana nan yadda yake: fetur iri ɗaya, ba zaɓi. Wannan ma yana da tarihi. Tun shekarun 1970 gwamnati ta ɗauki nauyin daidaita farashin mai a faɗin ƙasa, ta kafa asusun biyan kuɗin dako a 1975 don lita ta Katsina ta yi kuɗi ɗaya da ta Legas. Inda hukuma ce ke yanka farashi ta kuma cika giɓi da tallafi, babu ɗan kasuwar da zai shigo da mai mai tsada ya sayar a farashin mai araha. Kowa ya tsaya a mafi ƙarancin abin da doka ta yarda, wato oktan 90 zuwa 91. Abin dariyar shi ne sunan da hukuma ke kiran wannan mai da shi, Premium Motor Spirit, yana ɗauke da kalmar da a littafin motocin waje take nufin man da ya fi na kowa oktan. Namu suna ne kawai ya gada.

A nan ne masu motoci da yawa ke faɗawa rami. Hanyar auna oktan a ɗakin gwaji biyu ce, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai tsanani. Turai da Afirka da yawancin duniya suna rubuta sakamakon mai sauƙin, wanda ake kira RON. Amurka da Kanada suna haɗa biyun su raba biyu, su kira shi AKI, wanda kan yi ƙasa da RON da lamba huɗu ko biyar. Mercedes ɗin da ta fito daga Amurka, aka rubuta 91 a murfin tankinta, 91 na Amurka take nufi, wato kimanin 95 a ma'auninmu. Mai motar ya ji an ce man Najeriya 91 ne, hankalinsa ya kwanta. Alhali 91 ɗinmu shi ne 87 ɗinsu, man da ake zuba wa motar gama-gari. Giɓin lamba huɗu ne, kuma wannan giɓin ne kwalbar ke neman cikewa.

Za ta iya? A ɗauki tanki mai lita 50 na fetur mai 91. Toluwin yana cikin sinadaran da aka fi sani wajen ɗaga oktan, nasa ya kai kusan 120. Man da injin Honda mai turbo ya sha a gasar tseren Formula 1 ta 1988, shekarar da motocin McLaren suka ci tsere 15 cikin 16, kashi 84 cikin ɗari toluwin ne. To, a zuba kwalba mai mililita 350 ta zallar toluwin a wannan tanki, lissafi ya ba da 91.2. Kafin a kai 95 sai an zuba kimanin lita 8. Sannan akwai wayon talla: a wurin masu waɗannan kwalabe, maki goma ne ke yin lamba ɗaya. Wadda ta ce za ta ƙara maki huɗu tana nufin daga 91 zuwa 91.4, ba zuwa 95 ba.

Kwalaben da ke yin aikin a zo a gani da ɗan ƙaramin adadi galibi ƙarfe ne a cikinsu, ko dai sinadarin manganis da ake kira MMT, ko wani na baƙin ƙarfe. Su kan ɗaga lamba ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, kuma kwalba ta biyu ba ta yin aikin ta farko. MMT kamfanin Ethyl ne ya fito da shi a shekarun 1950, kamfanin nan dai na dalma. Kanada ta yi ƙoƙarin hana shigo da shi a 1997, kamfanin ya maka ta a gaban masu sasanci ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki ta Arewacin Amurka, ta janye a 1998 ta kuma biya dala miliyan 13. Tarayyar Turai ta bi wata hanyar, ta ƙayyade manganis a miligiram 6 cikin lita daga 2011, ta rage zuwa 2 daga 2014. Manganis ba dalma ba ne, kuma ba adalci a daidaita su. Amma ƙarfe ba ya ƙonewa ya ɓace. Tokarsa tana zama a kan fulogi, ta bar masa launin jan ƙasa, ta lulluɓe na'urar da ke shinshina hayaƙi, ta toshe ƙofofin indomi. Shi ya sa littattafan motoci da yawa suke gargaɗi a kansa da sunansa.

Akwai kuma abin da mai zuba kwalba ba ya gani: mai yiwuwa an riga shi. Shekarun da matatunmu suka kwanta, ciki har da ta Kaduna, fetur ɗin Najeriya daga yankin Amsterdam da Rotterdam da Antwerp ake haɗo mafi yawansa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta bankaɗo yadda 'yan kasuwa ke haɗa wani mai na musamman don Afirka, mai farar wuta ninkin-ba-ninkin abin da Turai ta yarda. A 2018 hukumar sa ido kan muhalli da sufuri ta Holan ta tabbatar da cewa ana ɗaukar man da oktan ɗinsa ya yi ƙasa, a tayar da shi da manganis fiye da abin da doka ta halatta a Turai, a turo Afirka ta Yamma. Holan ta tsaurara dokar fitar da irin wannan mai a 2023, Beljiyam ta bi baya a 2024. Ashe motar da manta duk daga tasha ɗaya suka taso, sai dai ba man da aka ƙera ta dominsa ba ne aka biyo ta da shi.

Abin da ya faru a Fabrairun 2022 ya ƙara nuna inda gizo ke saƙa. Jiragen ruwa suka kawo fetur daga Antwerp mai metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, aka janye man, layuka suka shafe makonni a gidajen mai. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce gwajin da aka saba yi bai ƙunshi auna metanol ba. Metanol kuwa oktan ɗinsa ya haura 100. Mai na iya cin jarrabawar oktan ya kuma cinye robobin inji. A ɗaya gefen, man bumburutun da aka sirka da kalanzir, a shekarun da kalanzir ya fi fetur araha, oktan ɗinsa ƙasa yake yi warwas, babu kwalbar da za ta ɗaga shi.

A Katsina akwai ƙarin abu biyu: zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana kaiwa maki 40 ko fiye. Turbo yana jan wannan iska mai zafi ya matse ta, ta ƙara zafi, sannan ta bi ta wani lagireto na musamman da ke gaban mota don ta huce. Idan ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarinsa, iskar da ke shiga silinda ta fi abin da injiniyan Jamus ya lissafa. Kwamfutar motar tana jin ƙwanƙwasa tun kafin kunnen direba ya ji, sai ta jinkirta kyastawa, ta rage matsi, ta ƙara mai don sanyaya. Abin da direba ke gani shi ne mota ta yi nauyi a hanyar Kano da tsakar rana, ga shan mai. Motar tana kare kanta ne. Haɗarin yana ga wanda ya danne totur har ƙasa a wannan yanayi, da wanda ya kai motarsa aka sauya mata lissafin kwamfuta don ƙarin gudu, domin shi ya ci iyakar da kamfani ya bari don irin wannan rana.

A ganina hukuncin kwalbar ya danganta ga kalma ɗaya a littafin mota: shin mai mai oktan sosai wajibi ne, ko mustahabbi? Injin Honda mai lita 1.5 da turbo an yi shi ne ya sha 87 na Amurka, man da muke da shi ke nan. Zuba masa kwalba asarar kuɗi ce, kamar yadda yake ga Corolla. Inda littafi ya ce mustahabbi ne, motar za ta rayu da namu, ta ɗan rasa ƙarfi. Inda ya ce wajibi ne, kwalba mai aiki tana da amfani a doguwar tafiya cikin zafi, amma mai yin hakan a kowane tanki ya sani yana musayar lafiyar fistin da ta fulogi da indomi. Wanke lagireton iska, da sauya matatar iska a kan kari, da sassauta ƙafa da rana sun fi araha. Haka baƙin mai: injunan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da wata fashewa mai muni da ke zuwa a ƙaramin gudu idan an danna totur, wadda bincike ya danganta da irin baƙin man da aka zuba. Dominta aka fito da ma'aunin API SP a 2020. Wannan tambari a jikin galan ya fi kwalba goma muhimmanci.

Dalilin da ya tsayar da mu a famfo ɗaya ya kau ran 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira dubu a ƙarshen 2024. Matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Ta Damagaram, wadda ta fi kowace kusa da mu, tana aiki tun 2011. Wadda Najeriya da Nijar suka rattaba hannu a 2018 za a gina a Jihar Katsina ba ta tashi daga takarda ba. A ƙa'ida, yanzu ɗan kasuwa na iya kawo mai mai oktan 95 ya sa masa kuɗinsa. A aikace, famfo na biyu yana buƙatar tanki na biyu a ƙarƙashin ƙasa, da tankar da za ta ɗauko shi fiye da kilomita dubu daga bakin teku ba tare da an gauraya ba, da masu sayen da za su ƙarar da shi kafin ya kwana ya tsufa.

Yana kuma buƙatar wanda zai auna. Har yau oktan ba a gane shi da ido ko hanci ko launi. Ma'aunin da ake komawa gare shi wani inji ne mai silinda ɗaya, wanda ake iya ƙara wa matsi ko a rage yana cikin aiki, da kamfanin Waukesha na jihar Wisconsin ya ƙera a 1929. Ana zuba masa man, a matsa har ya yi ƙwanƙwasa, a kwatanta da cakuɗen Graham Edgar. A ƙasashen da motocin nan suka fito, lambar da wannan inji ya bayar tana manne a jikin kowane famfo, hukuma kuma tana zuwa ta ɗebi samfur ta gwada. A mafi yawan famfunanmu haruffa uku ne kawai a rubuce: PMS.